Mai Horas da Malami, Wa Ke Horas da Shi?



 Batun da zan yi magana a kansa ya shafi wasu mutane ne waɗanda ba kasafai ake tunawa da su ba in ana zancen ilmi a ƙasar nan. In an tashi yabo, gwamnati ake yabo. In an tashi zargi, malamin aji ake zargi. Amma tsakanin gwamnatin da ke tsara manufa da malamin da ke riƙe da alli akwai wasu bayin Allah waɗanda aka ɗora wa nauyin ɗaukar kowane sabon tsari daga ofis su kai shi cikin aji, watau masu horas da malamai a bakin aiki. Tambayata ita ce: su waɗannan mutane, yaya suke yi da yawan canje-canjen da ke sauko musu, kuma wa ke ƙara musu sani?

SU WANE NE 'YAN AYARIN?

A kowace ƙaramar hukuma akwai su, ko da sunayensu sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Akwai hedimasta da mataimakinsa, da manyan malaman da aka ba kula da darussa. Akwai jami'an ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, waɗanda a dā ake kira sufetoci, yanzu kuwa a wurare da yawa ake ce musu jami'an tallafa wa makarantu. Sa'an nan akwai malaman kwalejojin ilmi da na jami'o'i waɗanda akan ɗauko su su ba da kwas in an yi hutu. A cikin wannan lacca zan riƙa kiransu duka ayarin horas da malamai.

Na zaɓi kalmar ayari da gangan. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su tafiya a warwatse. Akwai madugu uban tafiya, akwai jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da zango, kuma kowa ya san aikinsa. Abin lura shi ne madugu ba ya dogara da sanin da ya yi wa hanya bara. Kogin da aka haye da ƙafa bara yana iya cika bana, garin da ya karɓi baƙi bara yana iya rufe ƙofa bana. Saboda haka a kowane zango sai ya nemi labari daga masu dawowa. Madugun da ya daina tambaya, ayarinsa ne zai biya kuɗin girman kansa. Haka al'amarin yake ga masu horas da malamai, sai dai su kayan da suke ɗauke da shi 'ya'yan jama'a ne.

CANJE-CANJEN SHEKARA HAMSIN

Domin mu gane nauyin da ke kan wannan ayari, ya kamata mu waiwaya mu ƙirga sau nawa hanya ta sake a gabansu.

A watan Janairu na 1974, a Sakkwato, Janar Yakubu Gowon ya ba da sanarwar shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. A watan Satumba na 1976, zamanin Janar Olusegun Obasanjo, aka buɗe shirin. An yi lissafin yara miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya, sai ga sama da miliyan 3 sun hallara. Ba malamai, ba azuzuwa. Aka buɗe kwalejojin horon malamai cikin gaggawa, aka gajarta kwasa-kwasai, aka kuma ɗauki dubban mutanen da ba su da takardar malanta aka ba su aji. A wannan shekara ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, domin ta ƙara wa irin waɗannan malamai ilmi ta hanyar koyarwa daga nesa, suna nan a bakin aikinsu.

A 1977 aka fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa. A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, wanda ya zo da darussan koyon sana'a a ƙananan makarantun sakandare. Manya a cikinmu suna tune da injinan da aka sayo daga ƙasashen waje saboda wannan darasi, waɗanda a makarantu da yawa suka tsufa a cikin akwatunansu, ko dai don ba wutar lantarki, ko don ba malamin da aka koya wa sarrafa su. A 1993 aka yi dokar kafa Hukumar Rajistar Malamai. A hankali aka mai da takardar NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar shiga aji, kwalejojin da ke ba da takardar malanta mai daraja ta biyu suka shuɗe. A ranar 30 ga Satumba 1999, a Sakkwato har wa yau, aka buɗe shirin UBE, aka yi masa doka a 2004, ilmin dole ya koma shekara tara. A 2008 aka shigo da sabuwar manhaja ta shekara tara, a 2014 aka shigo da wadda aka yi wa gyara aka rage yawan darussa, a 2025 aka sake fito da wata. Darasin Tarihi ma an cire shi, daga baya aka komo da shi.

Maganar harshen koyarwa ta fi kowacce nuna abin da nake nufi. Manufar 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke magana da shi. A ƙarshen 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a miƙa wannan har shekara shida ta firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma aka ba da sanarwar soke wannan manufa, aka ce a koma Ingilishi. Ina da ra'ayina a kan wannan al'amari, amma ba shi ya tara mu ba. Abin da nake so mu duba shi ne halin jami'in da ya shafe shekaru yana zagaya makarantu yana nuna wa malamai yadda ake koyar da yara da Hausa, wanda yanzu zai koma gaban malaman nan dai da wata magana dabam. Ba shi ya yanke shawara ta farko ba, ba shi ya yanke ta biyu ba, amma fuskarsa malamai suka sani, kuma shi za su tambaya.

Malamin da ya kama aiki a 1990 ya yi shekara 35 yana koyarwa, ya ga mafi yawan waɗannan sauye-sauye da idonsa. In ya ji an ce ga wani sabon tsari ya zo ya yi murmushi ya ce, “Wannan ma zai wuce,” bai kamata mu yi saurin kiransa mai taurin kai ba. Abin da ya gani yake faɗa, kuma wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

ABIN DA CANJI KE YI WA MUTUM

Masana sun daɗe suna nazarin yadda malami ke karɓar sabon abu. A 1969 wata malama a Jami'ar Texas ta Amurka, Frances Fuller, ta nuna cewa damuwar malami hawa-hawa ce. Da farko kansa yake ji: shin zan iya, ko zan ji kunya a gaban yara, me hedimasta zai ce? In wannan ta lafa sai ya koma damuwa da aikin kansa: ina zan sami lokaci, ina kayan aiki, yaya zan yi da yara masu yawa haka? Sai bayan ya haye waɗannan biyu ne yake samun sararin tambayar ko yaran suna ƙaruwa. Kuskuren da mai horaswa yakan yi shi ne ya fara daga hawa na uku. Yana ta bayanin amfanin da yara za su samu, alhali malamin da ke zaune a gabansa yana can yana tunanin ko wannan sabon tsari zai tona asirin abin da bai iya ba. Ba ya jin komai daga cikin bayanin, domin tsoro ya toshe masa kunne.

Wani masani ɗan ƙasar Kanada, Michael Fullan, ya ja hankali ga abu na biyu. Ya nuna cewa duk lokacin da mutane suka fara aiki da sabuwar hanya, aikinsu yakan fara lalacewa kafin ya gyaru. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Telan da ya saba da keken ƙafa, ran da aka ba shi na lantarki ɗinkinsa zai karkace na 'yan kwanaki, ko da ya shekara ashirin yana sana'ar. Malamin da ya saba da karanta wa yara suna maimaitawa, in aka ce ya raba su rukuni-rukuni, makon farko aji zai rikice da hayaniya. In a wannan mako ne jami'i ya shigo da takardar ba da maki, to an kashe sabon tsarin, domin gobe malamin zai koma hanyar da ya sani, wadda aƙalla ba ta ba shi kunya.

To, shi mai horaswa wannan ciwo sau biyu yake kama shi. Shi ma mutum ne, yana da nasa tsoron. Bugu da ƙari, ana bukatar ya tsaya a gaban malamai arba'in ya koyar da hanyar da shi kansa bai taɓa gwadawa a aji ba, wadda ya ji labarinta makon jiya a babban birnin jiha. Girma ya hana shi ya ce bai gane ba. Sai ya fake da karanta takarda, in an yi masa tambaya mai wuya ya ce lokaci ya ƙure. Malamai kuwa ba yara ba ne, sun gane. Daga ranar nan sun daina sauraronsa, ko da suna ci gaba da sa hannu a rajista.

HORON GANGARA

Hanyar da muka fi dogara da ita wajen isar da sabon tsari ita ce wadda zan kira horon gangara. Akan tara mutum kaɗan a Abuja a ba su kwas, su koma jihohinsu su horas da wasu, waɗannan su horas da na ƙananan hukumomi, su kuma su horas da malaman aji. Tana da araha, tana da sauri, shi ya sa gwamnatoci ke sonta. Amma duk mai noman lambu ya san abin da ke faruwa ga ruwan da aka ɗebo da jigo aka sake shi a doguwar hanya: fangalin farko ya sha ya ƙoshi, na ƙarshe sai laima. Mu ɗauka, don misali kawai, kowane hawa yana riƙe kashi 70 cikin 100 na abin da aka ba shi. Bayan hawa uku abin da ya rage wajen kashi 34 ne kawai. Abin da ke fara zubewa kuwa shi ne dalili. Malamin ƙauye yakan sami umarnin cewa a yi kaza, amma hikimar yin kazan ta tsaya a hanya.

Akwai kuma matsalar abin da ke biyo bayan kwas. A shekarun 1980 wasu masana biyu a Amurka, Bruce Joyce da Beverly Showers, sun bi diddigin malaman da aka ba horo iri-iri. Suka gano cewa in bayani kawai aka yi wa malamai, ko da an haɗa da nuni da ɗan gwaji a ɗakin taro, kaɗan ne ƙwarai ke aiki da abin a azuzuwansu. In kuwa aka sami wani ya bi malamin har aji, ya zauna ya kalla, su tattauna bayan darasi, ya sake dawowa, sai mafi yawansu su riƙe sabuwar hanyar. Mu kuwa kuɗinmu yakan ƙare a kwana biyar ɗin kwas, a kan ɗakin taro da abinci da alawus, ba a bar ko na man babur da jami'i zai bi malamai da shi ba. Har ta kai a wasu wurare zuwa kwas ya zama wata alfarma da ake rabawa, a tura wanda ke da uwa a gindin murhu, a bar wanda ke koyar da darasin.

ABIN DA MUKA GADA DA ABIN DA MUKA GWADA

Kada a ɗauka maganin wannan sai an je wata ƙasa. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru domin ilmantar da matan karkara. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa alamar muƙami. Jaji ta jagoranci matan ƙauyensu zuwa wurin Nana, su ɗauki karatu cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, su koma gida su koyar. Abu biyu ne abin lura a nan. Na farko, jaji ba sau ɗaya take zuwa ba. Tana komowa, ta kawo tambayoyin da suka taso, ta ƙaro sani. Na biyu, tsarin bai mutu da mutuwar mai shi ba, domin ƙanwarta Maryam ta ci gaba da shi. Haka nan a tsangaya, alarammomin da suka haddace Alƙur'ani ba su daina zama suna musaffa da juna, wannan ya karanta wancan ya saurara ya gyara masa, kuma ba wanda ke ganin gyaran a matsayin raini. Gwani ya san tilawar da ba a bita zubewa take yi.

A zamanin boko ma mun gwada. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello, tare da taimakon UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a jihohin Arewa, inda aka yi amfani da masu horaswa na tafi-da-gidanka. Kowane ɗaya yana da 'yan makarantun da yake zagayawa, ya shiga aji tare da malami, sa'an nan ya kai wa marubuta manhaja a Zariya labarin abin da ya yiwu da abin da ya gagara. Daga 2008 zuwa 2017 shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa a jihohi shida, ciki har da Kano da Kaduna da Jigawa, ya kafa ayarin kyautata makarantu a kowace jiha, ya kuma yi ƙoƙarin mai da sufeto mai neman laifi ya zama jami'i mai taimako. A Bauchi da Sakkwato an yi shirin “Mu Karanta!” na koyar da karatun Hausa a ƙananan azuzuwa, shi ma da masu bin malamai har aji. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar suna da tsarin da suke kira CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa da juna kan taru lokaci-lokaci su yi nazarin aikinsu. A Japan kuwa fiye da shekara ɗari ke nan malamai suna da al'adar shirya darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar sauran su zauna su lura da yadda yara ke fahimta, su tattauna, su gyara, wani ya sake koyarwa. Wannan musaffa ce, sai dai a kan darasin lissafi.

Ashe ke nan ba rashin sanin hanya ne ke damunmu ba. Abin da ke damunmu shi ne kusan duk lokacin da aka yi abin kirki, da kuɗin baƙo aka yi shi, ran da baƙo ya naɗe tabarmarsa sai ayarin ya watse. Baƙin ma ba su da tabbas. Ma'aikatar Birtaniya da ta biya kuɗin ESSPIN an haɗe ta da Ma'aikatar Harkokin Waje a 2020, hukumar Amurka da ta biya na “Mu Karanta!” kuwa an rufe ta a 2025. Kowa ya dogara da tuwon maƙwabci, wata rana da yunwa zai kwana.

DARASIN KADUNA

Domin mu ga abin da ke faruwa in aka bar malamai shekara da shekaru ba mai ƙara musu sani, sai mu dubi Jihar Kaduna. A 2017 gwamnatin jihar ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su sami kashi 75 cikin 100 da aka sa ba, ta sallame su. Ƙungiyar Malamai ta yi yajin aiki, aka yi ta muhawara a kan ingancin jarrabawar. A 2022 aka sake sallamar wasu 2,357, mafi yawansu saboda sun ƙi zama wata sabuwar jarrabawa.

Ba na tsaya nan domin in yanke hukunci tsakanin gwamnati da ƙungiya ba. Uban da ya kai ɗansa makaranta yana da hakkin a ba shi malamin da ya iya abin da yake koyarwa, wannan ba gardama. Amma akwai tambayar da ba a yi ta sosai ba. Waɗannan malamai kwalejojinmu ne suka ba su takarda. Sun yi shekaru a ƙarƙashin hedimastoci, jami'ai suna ziyartarsu suna sa hannu a littafin baƙi, da yawansu sun halarci kwasa-kwasai. Ina ayarin yake duk tsawon wannan lokaci? Jarrabawa kamar awon asibiti ce, tana nuna ciwo, ba ta warkarwa. Sa'an nan ƙin zama jarrabawa ta biyu ya nuna mana wani abu: inda malami ya tabbata bayyana rauninsa na iya raba shi da abincinsa, zai ɓoye raunin iyakar ƙarfinsa. Wanda ke ɓoye abin da bai sani ba kuwa, ba mai iya koya masa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ina da shawarwari shida, kuma na zaɓi waɗanda yawancinsu ba su bukatar kuɗi mai yawa.

Ta farko, kowane mai horas da malamai ya riƙe aji. Ko darasi biyu ne a mako, a makarantar gwamnati mai cunkoso, ya koyar da yara da hanyar da yake shirin koya wa malamai. Zai gano inda takarda ta yi ƙarya tun kafin malamai su gano masa, kuma in ya ce “na gwada” za a yarda da shi. Wannan ya haɗa da mu malaman tsangayar ilmi.

Ta biyu, a raba mai awo da mai taimako. Mutumin da rahotonsa ke iya hana malami ƙarin girma ba shi ne malami zai gaya wa cewa bai gane rabawa mai saura ba. Duka ayyukan biyu ana bukatarsu, amma kada a ɗora su a kan mutum ɗaya a rana ɗaya.

Ta uku, a ba ayarin lokacin yin nasa karatu, a rubuta shi cikin jadawalin aiki. Sau ɗaya a wata jami'an ƙaramar hukuma su zauna, kowa ya kawo abu ɗaya da ya gagare shi, shugabansu ya fara kawo nasa. In babba ya ce “wannan ban gane shi ba, ku taimake ni,” ya buɗe wa na ƙasa ƙofa. A makarantu ma a keɓe awa ɗaya a mako cikin lokacin aiki, domin in aka ce sai bayan an tashi, malamai mata masu hidimar gida da malaman da ke zuwa gona ko kasuwa su ne za su fara zamewa.

Ta huɗu, ayari ya koyi tacewa. In sababbin umarni biyar suka sauko a zango ɗaya, aikin hedimasta da jami'i ne su duba wanne ya fi shafar karatun yara, su sa ƙarfi a kansa har ya zauna, sauran su bi a hankali. Su kuma gaya wa malamai tun da wuri cewa makonnin farko za su yi wuya, kuma ba za a ba kowa maki a cikinsu ba. Akwai abubuwan da ba manufar da ke sake su: ko da wane harshe aka ce a koyar, dole malami ya san ko yaron da ke bayan aji ya gane. In ayari ya kafa aikinsa a kan irin waɗannan, iskar manufa ba za ta tumɓuke shi ba.

Ta biyar, a tsare abin da aka koya. Sau da yawa akan horas da jami'i shekara uku, ran da ya ƙware sai a yi masa canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya da duk saninsa a ka. Kowane ayari ya riƙe littafi, a rubuta abin da aka gwada, da abin da ya yi da wanda bai yi ba, da dalili, kuma kada a ɗauke ƙwararre sai ya yi zango ɗaya tare da magajinsa. Wayar hannu ta sauƙaƙa wannan. Lokacin da annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, an ga yadda aka koma ba da darussa ta rediyo, malamai kuma suka riƙa tuntuɓar juna ta WhatsApp. Darasi mai kyau da aka ɗauka da waya a wata makarantar ƙauye yana iya zama abin nazarin ƙaramar hukuma duka.

Ta shida ita ce mai bukatar kuɗi. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin farko, kuma an keɓe wani kaso daga ciki domin horas da malamai. Ina ba jihohi shawara su rage abin da ke tafiya a ɗakunan taro, su mai da shi ga zirga-zirgar jami'ai zuwa makarantu, a kuma sa shi cikin kasafin kowace shekara, ko akwai baƙo ko babu.

Na san wani zai ce, malamin da ke da yara ɗari a aji, wanda albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ina ya ga zuciyar koyon sabuwar hanya? Maganarsa gaskiya ce, kuma ba horon da zai maye gurbin albashi ko rufin aji. Duk mai horaswa da ya yi kamar bai ga wannan ba ya zubar da mutuncinsa a idon malamai. Sai dai yaron da ke aji biyu bana ba zai tsaya yana jiran a gyara tattalin arziki ba. Baɗi yana aji uku, ko ya iya karatu ko bai iya ba, kuma wanda ya wuce ƙananan azuzuwa bai iya karatu ba, da wuya ya kamo. Malamin da ke cikin wannan hali mai tsanani shi ya fi kowa bukatar wanda zai shigo ajinsa ya zauna tare da shi su nemi dabara.

KAMMALAWA

Jama'a, canji ba zai tsaya ba. Za a sake manhaja, za a sake manufa, na'urori za su zo waɗanda yau ba mu san sunansu ba. Abin da ke hannunmu shi ne irin mutanen da za mu tsayar tsakanin ofis da aji, da irin tanadin da za mu yi musu domin su ci gaba da neman sani. A nan jami'a tana da babban rabo. Mu ne ke horas da malaman kwalejojin ilmi, su kuma su horas da malaman firamare, saboda haka in an bi gangarar nan zuwa sama, a ƙofarmu za a tsaya. Ya kamata ɗalibanmu masu neman manyan digirori su riƙa yin bincikensu a cikin azuzuwa tare da waɗannan jami'ai, a kan matsalolin da su jami'an suka kawo, a kuma mai da musu sakamakon cikin harshen da za su yi aiki da shi. Ya kamata kuma mu buɗe musu ƙofa su riƙa komowa, kamar yadda jaji ke komawa wurin Nana, su gaya mana abin da suka tarar, domin mu ma akwai abin da za mu koya daga gare su.

Shugaban taro, a nan zan dakata, domin in bar lokacin tambayoyi da gyare-gyare daga waɗanda suka fi ni sanin wannan fage, musamman hedimastoci da jami'an ilmi da ke cikin wannan zaure.  Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa albarka a cikin 'ya'yanmu.